Kafin a Kori Koci, a Duba Yadda Ake Cin Ƙungiya

Da zarar an ci ƙungiyar gari sau uku a jere, teburin mai shayi ya samu abin yi. Wasu su ce kocin bai iya ba, wasu su ce yaran ne ba sa sa zuciya, kuma kowane ɓangare da hujjarsa, don in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abin da aikin horar da ƙananan ƙungiyoyi a karkarar Kano da Jigawa ke koya wa mutum shi ne musu ba ya raba wannan gardama. Littafi da biro ne ke raba ta. A samu mutum ɗaya ya zauna a bakin fili, duk ƙwallon da aka zura wa ƙungiya ya rubuta abu uku: a minti na nawa ta shiga, ta wace hanya ta zo, wa ya kamata ya tare ta. Wasa biyar ko shida sun isa a ga inda ɓarakar take.

Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Kuskuren da ya faru sau ɗaya na ɗan wasa ne. Wanda yake dawowa mako bayan mako a wuri guda, wannan na koci ne, ko da ƙafar yaro ce ta aikata shi.

Ɗauki bugun kwana. Ƙungiyoyinmu da yawa nan ake cinye su, sai ka ji an hau gola da faɗa. Amma je ka ga atisayensu: a raba riga gida biyu bayan la'asar, a yi ta bugawa har a kira magariba, shi ke nan. Ba wanda aka taɓa ce masa ga inda zai tsaya in an samu kwana. Alhali aikin a bayyane yake. Mutum ɗaya a jikin ƙarfen da ke kusa da mai bugu. Wanda ya fi kowa tsawo da iya sa kai ya tsaya a gaban gola, ba ya bin kowa, ƙwallo kawai yake jira. Uku ko huɗu kowa ya kama mutuminsa tun kafin a bugo, ɗaya kuma ya tsaya a bakin da'irar gidan don ƙwallon da za ta dawo, domin ita ce ta fi cin mutane. A bar mai gudu ɗaya a tsakiyar fili, dole abokan karawa su ajiye mutum biyu su tsare shi. Minti 15 sau biyu a mako, bugu goma daga dama, goma daga hagu, ya wadatar. Kocin da bai yi wannan ba, ba shi da bakin zagin yaro ranar wasa.

In littafin ya nuna a minti 20 na ƙarshe ake yawan cin ku, to maganar ƙarfin jiki ce, kuma a nan laifin rabuwa yake yi. Yaron ƙauye ba ɗan wasan albashi ba ne. Da damina tun asuba yana gona, ya yi huɗa ko noma har rana ta take, sannan a ce ya zo ya yi gudun minti 90. Aikin koci ne ya san wanda ya wuni da fartanya a hannu, ya ajiye shi a benci ya shigo da shi bayan hutun rabin lokaci, ko ya cire shi a wajen minti na 60 kafin ƙafa ta riƙe. Da bazara kuma, a watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40. Ledar fiya wata rabin lita ce: kowa ya sha ɗaya awa biyu kafin wasa, ya ƙara lokacin hutu. Abinci mai nauyi, tuwo ko ɗanwake, a ci shi awa uku kafin a take leda. Faɗar wannan na koci ne, bin sa kuma na yaro. Wanda ya raba dare a gidan kallon ƙwallo da hira, ko ya haɗiyi ƙwaya wai don ta ƙara masa ƙarfi, shi ya cuci 'yan uwansa goma. Sai dai kocin da ya san yaro yana shan ƙwaya ya kau da kai saboda yana ci masa ƙwallo, ya fi yaron laifi nesa ba kusa ba.

Akwai wata cuta da ta shigo mana ta talabijin. Koci ya kalli Manchester City, gobe ya ce gola ya riƙa miƙa wa 'yan baya a ƙasa, a taso da ƙwallo daga gida. A wane fili? Filin firamare mai rairayi a gefe ɗaya, tsandauri a ɗaya gefen, ga sawun shanu da ya bushe tun damina. Ƙwallo za ta yi tsalle a gaban lamba biyar, wato ɗan baya na tsakiya, ɗan gaban abokan karawa ya ɗauke ya zura, 'yan kallo su ce yaron ya sayar da wasa. Bai sayar ba, an sa shi abin da filin ba zai ɗauka ba ne. Haka tarkon satar gida: a wasan da alƙali ɗaya ne ba mataimaka a gefe, ko mataimakan 'yan garin da aka je ne, wa zai ɗaga maka tuta? Abin da ke aiki a filayenmu shi ne a matse. Tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya kada ya wuce taku 10 zuwa 15, lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsaro, ya zauna a gaban 'yan baya ko da ana kai hari, in ɗan baya na dama ya tafi, na hagu ya tsaya.

Ba wai yara ba su da nasu ba. Jan katin da aka samu don zagin alƙali, ƙin dawowa baya in an ƙwace ƙwallo, riƙe ta don a burge 'yan kallo alhali ga abokinka shi kaɗai, duk ba a ɗora wa koci waɗannan, matuƙar ya koyar kuma an ga yaron yana yi daidai a atisaye. Wani lokaci ma wasa ɗaya kan ɗauki laifin duka biyun. A watan Maris na 2022, Najeriya da Ghana suka tashi 1-1 a Abuja bayan canjaras babu ci a Kumasi, Najeriya ta rasa zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar saboda ƙwallon da Ghana ta ci a waje. Ƙwallon da Thomas Partey na Ghana ya buga daga nesa ta wuce golan Najeriya Francis Uzoho, kuma ƙwallo ce da gola ya kamata ya tare. Wannan nasa ne. Amma tun farkon wasa aka ci ta, kuma a wasanni biyun nan ƙwallo ɗaya tak Najeriya ta ci, ita ma da fenariti, duk da 'yan gaban da take da su. Wannan tambaya ce da koci zai amsa.

Masu cewa a canza koci kawai sukan kafa hujja da Leicester. Claudio Ranieri ya ci musu kofin Firimiyar Ingila a 2016, aka sallame shi a Fabrairun 2017, lokacin Ahmed Musa yana ƙungiyar, sai ga 'yan wasan nan dai sun ci wasa biyar a jere a gasar. Gaskiya ne sabuwar murya kan farkar da yara. Amma waɗancan ƙwararru ne da suka riga suka iya aikin. Yaron da ba a taɓa koya wa tsayuwar kwana ba, ko koci goma aka canza masa a shekara ba zai iya ba, sai an samu wanda ya tsaya ya koyar.

Sai ɓangare na uku, wato shugabannin ƙungiya, da ba a cika ambata ba, don shi ke riƙe da aljihu. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma a 2022 ta faɗi daga babbar gasar, a kakar da aka zabtare mata maki saboda hargitsi aka kuma raba ta da filinta na Kano. Maki da aka rasa a wajen fili ba koci ya zubar ba, ba ɗan wasa ba. A ƙauye abin ya fi haka yawa. Mota ta makara, a cusa mutum 18 a bas ɗaya, a iso saura minti goma, a shiga fili ba ɗumama jiki, kafin jini ya tsinke an sha biyu. Ƙwallon atisaye ɗaya ce, in ta fashe an tashi. Bayan kaka rabin ƙungiya sun tafi cirani. Mafi muni shi ne ranar babban wasa uban ƙungiya ya ɗauko 'yan haya uku daga birni, waɗanda ba su san sunan kowa ba, a cire wa yaran da suka yi wata biyu suna atisaye riga a ba su. Ko an ci wannan wasan, mako mai zuwa mutum bakwai za ka gani a fili.

A nan ne nake ganin nauyin koci ya fi na kowa, fiye ma da maganar tsarin wasa. Shi ya kamata ya zauna da shugabanni tun kafin a fara gasa a yanke magana a gaban yara: shi kaɗai ke fitar da 'yan wasa 11, wanda bai halarci atisaye uku cikin huɗu ba ba zai fara wasa ba ko ɗan waye, kuɗin mota ya shigo hannu kwana ɗaya kafin tafiya, a isa fili da aƙalla minti 45. In an ba shi wannan, littafin kuma ya ci gaba da nuna ɓaraka guda har wasa shida bai taɓa ta a atisaye ba, to a sallame shi. In kuwa ya karɓi takardar sunaye daga hannun uban ƙungiya mai sayen riga ya karanta wa yara kamar tasa ce, yaran za su gane tun kafin ya kai suna na biyar, kuma daga ranar ko ya yi ihu a bakin layi, wajen mai rigar za su riƙa waiwaye.