Wasiƙa daga Manchesta zuwa ga 'yan uwana na Katsina da aka sallama daga aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina gaida manya, ina gaida ƙannena maza da mata. Ya gida, ya zafi, ya haƙuri da rayuwa?

Dalilin wannan rubutun, tun bayan sallah saƙonni ke shigo min, wannan yace kwantiraginsa ya ƙare, wancan yace an rage ma'aikata an haɗa da shi, kuma duk tambayar ɗaya ce, wai Yaya ta ina ake shiga harkar IT ɗin nan, wato aikin kwamfuta da fasahar sadarwa. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya cikin dare, shi yasa nace bari in rubuta a wuri guda.

Ni ma ta nan na biyo. A 2020 lokacin korona bankin da nake yi ma aiki a cikin garin Katsina ya sallame mu, shekara shida ina bakin kanta ina ƙirga kuɗin mutane, rana ɗaya aka miƙo min takarda aka karɓe katin shaida. Wallahi sai da na yi sati uku kullum ina wanka da safe ina sa kaya ina fita kamar mai zuwa ofis, in je can wajen Ƙofar Ƙaura in zauna shagon wani abokina har la'asar, don kawai kar Hajiyarmu ta sani, kar 'yan majalisa su sani. Kirarinmu ai kunya gare mu ba dai tsoro ba, to kunyar nan ita ta cinye min sati ukun nan da kuɗin mai a banza. Ranar da na gaya ma Hajiya cewa tayi ai tun tuni ta gane, ta sa min albarka, ta kira ƙanenta ta gaya mashi, shi ne ma ya ara min tsohuwar kwamfutarsa wadda batirinta ya mutu sai an jona ta da wuta. Don Allah duk wanda ke ɓoyewa yanzu ya je ya faɗa a gida yau.

To batun IT. Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauka IT na nufin rubuta manhaja kawai, na kama koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, a YouTube, wata biyu ina kallon bidiyo ina cin data ban iya haɗa komai ba, har na fara cewa ƙila kaina ne ya tsufa. Wani yaro ɗalibin jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke zuwa shagon, ƙanen bayana ne sosai, shi ya tambaye ni wai Yaya me kake yi a banki in an rufe ƙofa? Nace daidaita lissafi, a manhajar lissafi ta Excel, kullum sai mun gano inda naira ɗaya ta maƙale kafin mu tashi. Yace to ai rabin aikin nazarin bayanai kenan, ka bar Python tukuna ka koyi SQL. Abin da nayi kenan, SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai da shi daga ma'ajiyar kwamfuta, sannan Power BI, manhajar da ke mayar da alƙaluma zuwa zane da rahoto, kuma sai na ga abin na shiga kaina da sauri saboda na riga na san yadda lissafin kuɗi ke tafiya, na san irin kuskuren da ake yi da inda yake ɓuya. Daga baya na yi kwas ɗin nazarin bayanai na Google a shafin koyon karatu na Coursera, wanda suka fito da shi a 2021, na cike fam ɗin neman tallafi aka yafe min kuɗin.

Shi yasa duk wanda ya tambaye ni nake fara tambayarsa me ka iya tun da. In malamin makaranta ne kai ka iya yi ma mutum bayani ba tare da ka ƙosa ba, aikin taimaka ma masu amfani da kwamfuta a ofisoshi irinka yake nema, a irin wannan aikin ne takardar shaidar ƙwarewa ta CompTIA A+ ke da amfani. In kana gyaran waya ko haɗa sola hannunka ya riga ya saba da waya da na'ura, ka duba ɓangaren netwok, makarantar intanet ta kamfanin Cisco, Cisco Networking Academy, na da darussan farko kyauta kafin ka kai ga jarabawarsu ta ƙwarewa a netwok, CCNA, wadda ita kam sai an biya da dala. Mai son gina shafin intanet ga shafin koyarwa na freeCodeCamp nan kyauta. Akwai kuma shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023, in an buɗe rajista ku cike. Ƙannena mata da ke gida da yara, nazarin bayanai ana koyonsa a tsakar gida bayan isha, na ga waɗanda suka yi.

Kuɗin farko da na samu a harkar ba daga waje ya zo ba, wani ɗan kasuwa mai sayar da taki da hatsi ne na mayar ma littattafan bashinsa cikin kwamfuta, ya ga wa ke binsa wa yake bi a shafi ɗaya, ya biya ni kuɗin da bai kai albashin sati na a banki ba, amma shi ya haɗa ni da wasu uku, kuma ayyukan nan su na nuna lokacin da nake neman gurbin karatu a nan Ingila.

Gaskiyar da zan gaya maku kuma, kasuwar ta yi tsauri. Meta, kamfanin Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, ga ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, da ire-irensa yanzu suna yin ƙananan ayyukan da a da sabon shiga ke fara cin abinci da su. Ni da digiri na biyu a hannu sai da na yi watanni ina ɗaukar kwali a sito da dare, da rana ina tura takardun neman aiki, kafin wani kamfanin inshora ya ɗauke ni, kuma a intabiyu shekaru shidan nan na banki suka fi tambaya a kai. Duk wanda yace maku wata uku za ku fara karɓar dala kuɗin kwas ɗinku yake so. Kar ku sayar da gonar gado ku ba ejan mai alƙawarin kai ku waje, kuma ku sani tun Janairun 2024 mafi yawan masu zuwa digiri na biyu a nan ba a barinsu su taho da iyali, mai mata da yara ya yi lissafi da kyau tukuna.

Na san matsalar wuta da tsadar data, ban manta ba, ni ma da dare nake sauke darussa in an samu netwok in kalla da rana. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi karo-karo a shagon da ke da sola, awa biyu kullum bayan asuba kafin gari ya ɗau zafi. Wanda ya yi wata ɗaya a haka ya turo min abin da ya haɗa da hannunsa, ko teburin lissafin shagon babansa ne, zan duba in gyara mashi ranar Asabar in Allah ya yarda.

A gaida su Hajiya da Baba, a gaida mutanen Daura da Dutsin-Ma da suka rubuto min. Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Naku, daga Manchesta.