Ranar da Zafin Sakkwato Ya Tashi Taronmu

Ni na zaɓi zauren, ni na sa hannu, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. A watan Janairu na je duba shi, hunturu na kaɗawa, ina sanye da rigar sanyi. Bangon yamma gilashi ne tun daga ƙasa har silin, tayil sai ƙyalli yake, kujeru masu soso. Na ce a raina, ai irin wannan wuri ne ya dace a yi maganar makomar gine-gine. Rabin kuɗin da muka haɗa na karo-karo a nan ya tafi. Taron kuwa a Afrilu ne, ƙarfe 2 na rana. Shekarata 11 ina zanen gidaje, kullum ina yi wa masu gida wa'azin kada su buɗe manyan tagogi ta yamma, amma ranar nan ido ya rufe.

Sa'a ɗaya ta farko komai lafiya. Wata malamar jami'a da muka gayyato tana nuna mana makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, a 2001: bangon ƙasa, rufin kwano a ɗage sama da silin don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Ta ce shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Daga nan ta matso kusa da gida, Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji. Tana tsakar wannan aka ɗauke wuta.

Janareta ya tashi, majigi ya dawo, makirfo ya dawo, na'urar sanyi ba ta dawo ba. Na ruga wurin manaja. Ya ce ai wannan ƙaramin ne, babban sai an biya kuɗin dizal daban, kuma yana rubuce a takardar da na sa wa hannu. Yana rubuce kuwa, ni ne ban karanta ba. Na ce to a buɗe tagogi. Ya dube ni kamar na ce a buɗe bango. Gilashin nan babu inda yake buɗewa.

Wanda ya san Afrilun Sakkwato ya san ana haye digiri 40 kamar wasa. Zuwa ƙarfe 3 rana ta karkato ta shigo mana kai tsaye. Takardun jadawalin da na kashe kuɗi na buga a takarda mai santsi suka koma mafitai. Manyan baƙi suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wai za su amsa waya. Wani abokin aikina ya raɗa mini cewa dama shi tun farko bai so wurin ba, alhali shi ya fara ɗaukar hoto a gaban gilashin.

Akwai wani dattijon magini daga cikin gari da na sa a ƙarshen jadawali, minti 10. Gaskiya don ado na sa shi, a ce an tafi da gargajiya. Tun farko yana zaune ana ta zuba Turanci a kansa, bai ce uffan ba. Sai ya yafito ni.

"Injiniya," in ji shi, don a garin nan duk mai riƙe da takardar zane injiniya ne, "wa ya aza madubi ga yamma? Ɗakin ga ai tanderu na."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ana gyara."

"Babu gyaran da za a yi, ɗana. Mu tai waje."

A inuwar darbejiya bayan ginin muka ƙarasa, a kan tabarmin da maigadi ya aro mana. Ba mu kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zo ba. Babu majigi, babu makirfo, kuma ba wanda ya yi shawara aka tsinci kowa yana Hausa.

Na zaci Baba zai yi ta yabon ginin ƙasa ne. Ina! Cewa ya yi ƙasa ba ta son raggo. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi, shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar, amma kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe inda ya tsage. Ya tuna mana ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a, ya ce gidan da ruwa ya kwanta a gindinsa ko wa ya gina shi sai ya zauna. Azara kuma, wadda gara ba ta ci, giginyar da ake tsaga ta ta yi nisa yanzu, sannan ba ta haye kamu huɗu ba tare da ta lanƙwasa ba, dalilin da ya sa magina suka koyi ɗaurin guga ke nan, wato rufin da ake azawa a kan ginshiƙai masu lanƙwasa kamar baka. Makuba ma, wadda ake sa wa yaɓe don kada ruwa ya ci bango, sai ka sami mai tara maka ɓawon ɗorawa. Ɗansa na cikinsa, in ji shi, da bulo ya yi nasa gidan a Mabera, domin iyayen yarinya ba za su kai 'yarsu gidan ƙasa ba.

Nan aka yi gardamar da na shirya taron dominta. Wani matashi ya ce kamfanin siminti na nan Kalambaina a bakin ƙofarmu, amma a farkon 2024 buhu ya haye naira 10,000, to talaka da me zai yi gini? Malamar ta ce ba komawa baya ake nufi ba: tushe na dutse da siminti har ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, bango na bulon ƙasa da ɗan siminti kaɗan a ciki, rufi mai dogon baki da zai kare bangon. Ta kawo Falke Barmu, magini irin Baba, wanda masallacin da ya fara a Yama ta Nijar a 1962 ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Baba ya tambaye ta wa zai koya wa lebura matse bulon, kuma nawa za a biya shi a yini. Duk digirorin da ke kan tabarmar nan babu wanda ya ba shi amsa.

In za ka shirya irin wannan, ka je ka ga wurin a watan da za a yi taron, a daidai sa'ar, ka ce a kashe komai. Ka karanta takardar haya har ƙasa. Kuma mai aikin hannu ka sa shi farko, da harshen da yake aiki da shi, tun manya ba su fara amsa waya ba. Abin da ke cina har yanzu shi ne masu ba da izinin gini da 'yan kwangilar da na sha wahalar gayyatowa duk sun tafi kafin Baba ya buɗe baki, saboda gilashin da na gani ya burge ni.

Zama na gaba a wani tsohon zaure muke son yi. Makon jiya na je da ƙarfe 3, na zauna ni kaɗai rabin sa'a babu ko fanka. Mai kula da wurin ya leƙo sau biyu yana tambaya ko lafiya.