Famfas ɗin tagwaye da hannun jarin da na saya

A ƙarshen 2021 Allah ya ba mu tagwaye, daga nan na san kuɗin famfas. Kowane yaro sai an canja masa sau biyar ko shida a rana, katan ɗin da nake ɗaukowa daga Kasuwar Singa ba ya kai mu ƙarshen wata. Wani dare ina lissafi na ce, "Maman Biyu, kuɗin nan da muke zubawa a kwandon shara akwai masu tara shi. Me zai hana mu shiga cikinsu?" Ta ce, "To Baban Biyu, ka dai bincika tukuna."

Dillalin hannun jari ya buɗe min asusun CSCS, inda ake ajiye wa mutum hannun jarin da ya saya, na ce masa kamfanin famfas nake so. Ya ce ai babu irinsa a kasuwar hannun jari ta Legas. Pampers na Procter & Gamble ne, Huggies na Kimberly-Clark, dukansu a Amurka ake cinikin hannun jarinsu. Molfix kuwa, wanda ya cika shagunan unguwarmu, na kamfanin Hayat ne na Turkiyya. Masana'antarsa tana Agbara a jihar Ogun, amma ba ya cikin kasuwar. Sai na raba kuɗina. Kaso mafi tsoka na zuba a wasu kamfanoni biyu na nan gida masu yin sabulu, omo, man shafawa da kayan shayi, ɗan ragowar na sayi guntun hannun jarin Procter & Gamble ta manhajar waya. Kamfanonin giya da bankunan ruwa dama ban kalle su ba.

Hujjata ita ce ko ana yunwa sai an yi wanka da wanki, haihuwa kuma ba ta tsayawa. Har gobe wannan gaskiya ne. Tambayar da ban yi ba ita ce da wane kuɗi kamfani yake sayo kayan haɗi. Ka farke famfas ka duba: audugar da aka sarrafa daga itace, garin sinadarin da ke shanye fitsari ya daskare, ledar baya, maɗaurin gefe. Mafi yawansu da dala ake shigo da su, alhali uwar da za ta saya naira ce a hannunta. Haka turaren sabulu da sinadaran omo.

A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki naira, ya bar kasuwa ta yanke mata farashi. Dalar da take kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 tana wajen 1,500. Ɗaya daga cikin kamfanonin nawa uwar kamfaninsa ta waje tana binsa bashi da dala. Bashin bai ƙaru da ko sisi ba, amma da aka juya shi zuwa naira sai ya ninka har ya haɗiye ribar shekara gaba ɗaya. Ciniki yana tafiya, kaya suna fita, rabon riba kuwa ya tsaya cak. Alƙaluman bashin nan suna cikin rahoton shekarar da aka turo min tun farko, ni ne ban kai shafin ba.

Manya ma sun ji a jikinsu. Unilever ta sanar a Maris na 2023 cewa za ta daina yin Omo, Sunlight da Lux a Najeriya. A Disambar shekarar Procter & Gamble ta ce ta koma shigo da kaya kawai. Kimberly-Clark, wadda ta buɗe masana'anta a Ikorodu a 2022, ta sanar da tafiyarta a 2024.

Abin da ya fi buɗe min ido kuwa a shagon bakin layinmu na gan shi. Mai shagon ya fasa leda yana sayar da famfas ɗai-ɗai. Na ce, "Malam, wanne ya fi fita?" Ya ce, "Alhaji, yanzu ba mai tambayar suna, mai arha kawai ake cewa." Mata da yawa sun koma nafkin ɗin tsumma da rana, famfas sai dare ko in za a fita unguwa. Ashe buƙata tana iya zama daram, kuɗin kuma ya koma aljihun wani kamfani daban.

Guntun jarina na Amurka shi ya tashi, saboda dala ce, duk da ana cire kashi 30 na haraji daga rabon ribarsa, a nan gida kuwa kashi 10. Ban ji daɗin ribar nan yadda na zata ba. Raina yana wajen ma'aikatan Legas da Ogun da aikinsu ya tafi.

Na sayar da hannun jarin kamfani mai bashin dala, na riƙe ɗayan, wanda yawancin kayan haɗinsa a gida yake samu. Yanzu in rahoton shekara ya zo, shafin basussukan kuɗin waje nake fara buɗewa, da yamma kuma in tsaya wajen mai shago in tambaye shi abin da aka fi saya a satin.