Gafiya na ɗana wa tarko, magen gidanmu ya kama

Wallahi har yanzu ba tarkon ne yake cin raina ba, kwanakin da na ɓata kafin in kira likita su ne suke damuna. Tarko kam kowa yana ɗanawa bayan girbi a nan wajenmu ta gefen Wudil, gafiya ce ta addabe mu a gindin rumbu, sai na kafa irin na ƙarfen nan mai haƙora da daddare, ban ko kawo magen a raina ba alhali can take kwana saboda ɓeraye. Da asuba kukanta ya tashe mu, ƙafar gaba ya kama daidai yatsu. Sai da na lulluɓa mata buhu kafin na iya ɓanɓare bakin tarkon, duk da haka ta cije ni a hannu, mage in tana jin azaba ba ta san mai ita ba.

Inna tace "ƙyale ta ɗan nan, za ta lashe abinta ta warke." Maƙwabcina yace in shafa baƙin mai. Ni kuma gaskiya kunya ce ta riƙe ni, ina tunanin yaya za a ji a majalisa wai na kira likita a kan mage, sai na samu tsumma na ɗaure ƙafar tamau, na daka Panadol na zuba mata a madara. Ta shinshina ta kau da kai. Har haushi naji a lokacin.

Wari ne ya fara tona abin. Da na kwance tsumman ƙafar ta kumbura, yatsu biyu sun yi baƙi, ga tsutsa fari ƙanana suna motsi a cikin naman. Maman yara ta fita da gudu tana kuka. Sai a sannan na kira likitan dabbobin da yake zuwa yi wa awakinmu allurar rigakafi.

Tambayarsa ta farko, "Malam, ka ba ta wani magani?" Da na faɗa masa sai yace Allah ne ya so ni da ba ta sha ba. Ashe hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, wato Panadol ɗin nan, kamar tamu, ƙwaya ɗaya mai 500mg tana iya kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Haka Dettol da Izal da baƙin mai, duk abin da ka shafa mata sai ta lashe ya shiga cikinta. Ɗaurin da nayi kuma shi ya hana jini zuwa yatsun. Ya yi mata allurar barci ya cire tsutsar da yatsun da suka mutu, ya yi mata ta kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya duba hannuna yace cizo irin wannan ana wanke shi da sabulu da ruwa tsawon minti 15 nan take, in je asibiti a duba ni.

Jinyar kuwa haƙuri ne kawai. Kejin kaji muka wanke muka sa a ɗaki, muka rufa masa tsohon gidan sauro saboda ƙuda, kasko da yashi a gefe don bayan gida. Safe da yamma in tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in ya huce in ja da sirinji mara allura in feshe ciwon, maman yara tana riƙe da ita a cikin zani. Kwali muka yanka muka zagaya mata a wuya don kar ta lasa, ta tsani abin nan sosai. Abinci ne ya fi tayar min da hankali, don likita yace mage in ta jera kwana biyu uku ba ta ci ba hantarta ma tana iya taɓuwa, madarar da muke ganin gata ce kuma zawo take sa yawancinsu. Busasshen kifi na jiƙa a ruwan ɗumi na cire ƙayar, na sa a ɗan yatsana na kai bakinta. Ranar da ta fara lasa sai da ƙwalla ta zo min.

A majalisa dai an yi dariyar da nake tsoro, wai kuɗin da zai sayi kaza biyu na kashe a kan mage. Nace musu mun dai ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba. Dariyar ta wuce a dare ɗaya, kuma saboda ita na bar dabba tana ruɓewa da ranta, dan Allah kar wani ya yi irin wannan lissafin.

Yanzu tana takawa, tana ɗan ɗingishi, katanga dai ba ta iya hawa kamar da. Zuwan likitan na ƙarshe na kasa haƙuri na tambaye shi, Dakta, da a ce safiyar ranar na kira ka fa? Ya ɗan yi shiru, yace tunda tarkon bai karya ƙashi ba, da wuya a ce sai an cire mata yatsun.