Tsohon soja bai kamata ya ƙare a gadin get ba

Duk 15 ga Janairu sai a yi fareti, manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, ranar tunawa da 'yan mazan jiya kenan. To madalla, waɗanda suka kwanta dama Allah ya jiƙansu. Amma waɗanda suka dawo da rai fa?

A Disambar 2024 tsofaffin sojoji ne suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu na fansho, dattawa masu furfura, wallahi abin ya tsaya min a rai. Wasunsu tun ECOMOG suke, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, Laberiya a 1990 sannan Saliyo, na bayansu kuma su ne suka sha Sambisa da bakin tafkin Chadi.

Ba wai babu tsari ba ne. Akwai DHML mai kula da inshorar lafiyarsu, akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna, akwai cibiyar Oshodi a Legas inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'a kamar kiwon kaji, walda da ɗinki. Matsalar ita ce mutum in ya ajiye kaki gida yake komawa, Zuru ko Biu ko wani ƙauye can ciki, kuɗin mota zuwa Kaduna kaɗai ya isa ya sa shi haƙura da ciwon ƙafarsa, ga hawan jini ga suga, sai ya koma sayen magani a kemis.

Wani dattijo tsohon soja a layinmu gadi yake yi, in yara suka fasa nokawut lokacin biki sai ka ga jikinsa na rawa ya rasa inda zai sa kansa, matarsa ta ce da dare ma baya barci. Mutane sai su ce ai halin soja ne. Ciwo ne fa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna da maganinsa, amma wa zai kai shi?

Ni a ganina a sa babban asibitin kowace ƙaramar hukuma ya riƙa karɓar katin inshorarsu, da likitan da zai riƙa zagayowa ko sau ɗaya a wata. Batun aiki kuma, cikin sojan nan akwai direbobi, makanikai, nas-nas, masu gyaran rediyo da janareto, a ba su satifiket ɗin da kamfani zai yarda da shi mana, wanda ya koyi sana'a a haɗa masa da jari tun kafin kuɗin sallamarsa ya narke a cefane. Jihohin da ke kafa rundunonin tsaron al'umma, irin su Katsina da Zamfara, su ma suna buƙatar masu horarwa, ga su nan zaune a kan benci suna buɗe wa masu mota get.