Ƙannena, kafin ku ɗora sabon kan jirgi a layi

Na girma kusa da layin dogo a Zariya, kuma tun ina yaro ƙarar jirgi ta zauna mini a zuciya. Da aiki ya kawo ni Ingila sai na tarar da mutane, yawancinsu dattawa, masu shimfiɗa ƙaramin layin dogo a ɗakinsu, da tasha da gada da taragu, suna tuƙa jirage 'yan ƙanana da wutar lantarki. Girman da aka fi amfani da shi a nan ana ce masa OO, wato kashi ɗaya cikin 76 na jirgin gaske, a kan layi mai faɗin milimita 16.5. A Amurka da Jamus HO ya fi yawa, kashi ɗaya cikin 87, amma faɗin layin ɗaya ne. Na shiga harkar da zumuɗi, na yi asarar kuɗi da dare masu yawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi ya sa nake rubuta muku.

A da, wutar da ke layi ita ke tuƙa jirgi: ka ƙara wuta ya yi gudu, ka rage ya lafa, kuma duk jirgin da ke kan layin abu ɗaya zai yi. Tsarin DCC ya canza wannan. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya aza harsashinsa, sannan NMRA, ƙungiyar masu harkar ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ta mayar da shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990. A wannan tsari wuta na kan layi koyaushe, kusan volt 14 zuwa 16 a girman OO da HO, kuma a cikin wutar ake aika umarni. Kowane kan jirgi na ɗauke da wata 'yar na'ura mai suna dikoda, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, tana sauraron lambarta kaɗai. Halinta kuma yana ajiye ne a wasu ma'aji masu lamba da ake kira CV.

Dikodata ta farko ƙona ta na yi. Na sayi tsohon kan jirgi wanda ba shi da soket, na like wayoyin da dalma yadda launukansu suka nuna: ja da baƙi zuwa ƙafafun da ke ɗaukar wuta daga layi, ruwan lemo da ruwan toka zuwa moto, fari da rawaya zuwa fitilun gaba da baya, shuɗi kuma na tarayyar fitilu. Duk wannan daidai na yi. Abin da ban duba ba shi ne, a tsofaffin jirage da yawa ɓangare ɗaya na moton yana manne da ƙarfen jikin jirgin, shi kuma ƙarfen yana ɗauke da wutar layi. Ina ɗora shi a babban layi sai wari ya tashi, da ɗan siririn hayaƙi. Minti biyu da mitar auna wutar lantarki sun isa su nuna mini matsalar: a taɓa bakin moto da ƙafar jirgi, in mita ta nuna akwai haɗuwa, kada a sa dikoda sai an raba su. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne ina da layin saiti a gefe ban yi amfani da shi ba. Shi wannan ɗan guntun layi wutarsa kaɗan ce da gangan, don in akwai kuskuren waya na'ura ta ƙi karantawa maimakon ta ƙone. Duk jirgin da kuka buɗe cikinsa, can ne masaukinsa na farko.

Bayan wannan na tara kuɗi na sayi sabo fil, samfurin Flying Scotsman, wanda aka ƙera na gaskensa a Doncaster a 1923, mai lamba 4472 a jikinsa. A kwalin an rubuta cewa a shirye yake ya karɓi DCC. Ku lura da wannan, domin ya ruɗi mutane da yawa: a shirye yake ba ya nufin akwai dikoda a ciki. Soket ne kawai, da wani fulogin toshiya da ke barin jirgin ya yi tafiya da wuta irin ta da. Da wannan fulogin ya kamata a fara gwada shi, ya yi zagaye kamar rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu, giyoyinsa su saba da juna. In yana da lahani daga masana'anta a nan za a gani, kafin dikoda ta shigo ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ni ban yi haka ba, kuma za ku ga inda ya kai ni.

Na sa dikodar, na gwada a layin saiti, ta amsa. Kusan kowace sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, na kira 3, jirgi ya motsa. Sai na so ya amsa lambar jikinsa. Gajeriyar lamba a CV1 take zama, kuma ba ta wuce 127, don haka 4472 sai an raba ta gida biyu. A raba ta da 256, a sami 17 da ragowar 120. Sai a ƙara 192 a kan 17 ɗin a rubuta 209 a CV17, a rubuta 120 a CV18. Na yi lissafin daidai, na rubuta, na mayar da jirgi babban layi, na kira 4472. Shiru. Na sake rubutawa, shiru. Har bayan tsakar dare ina zaune, na riga na yanke cewa na sake ƙona wata.

Washegari na kai shi ƙungiyarmu ta masu ƙananan jirage. Wani dattijo da ya isa ya haife ni ya karɓa, bai buɗe komai ba, ya ce, "Ka sake kiran 3?" Na kira, jirgi ya tashi lafiya lau. Ashe rubuta doguwar lamba bai isa ba, sai an gaya wa dikoda ta koma sauraronta, kuma wannan aikin CV29 ne. Wannan ma'aji ya cancanci ku zauna ku fahimce shi, domin makunnai da yawa ne aka tara a lamba ɗaya, kowane makunni da nasa adadin. Ɗaya tana juya gaba ya koma baya. Biyu tana ba da matakan gudu 28 ko 128 maimakon 14. Huɗu tana barin jirgi ya yi tafiya da tsohuwar wuta. Sha shida tana kunna jadawalin gudu na musamman. Talatin da biyu ita ce ta doguwar lamba. Abin da kake so sai ka tara. Yawanci 6 ake tararwa a ciki, wato 2 da 4, don haka 38 nake buƙata. Na'urorin sarrafawa da yawa suna yin wannan lissafin da kansu in ka bi ta hanyar da aka tanada ta sa lamba, ni ne na zaɓi rubutawa da hannu ba tare da na san dukan hanyar ba. Yau 34 nake sawa, in kashe ta huɗun, domin na ga jirgi ya ɗauki ɗan rikicin wuta a matsayin tsohuwar wuta, ya kwasa a guje ba mai iya tsayar da shi.

Akwai wani kuskure da zan faɗa a taƙaice. A layin saiti na'ura ba ta kiran sunan kowa, duk dikodar da ke kan layin ita ake wa magana. Wata rana makunnin da ke raba layin saiti da babban layi na bar shi a haɗe, na rubuta lamba, jirage huɗu suka karɓe ta a lokaci guda. Tun daga ranar layin saitina katako ne daban, ba wayar da ta haɗa shi da komai.

Mafi tsawon wahalata kuwa a kan tafiyar jirgin ce. Yana tashi da fizga, yana tsayawa a wasu wurare, fitila na ƙiftawa. Da yake na fara jin na iya CV, sai na dira a kansu. Na ɗaga CV2 mai ba da wutar tashi, na taɓa CV3 da CV4 na saurin ɗaukar gudu da na tsayawa, na rage CV5 na ƙarshen gudu, na shiga har cikin ma'ajin da ke daidaita juyawar moto, duk a zama ɗaya, kuma ban rubuta ko ɗaya daga lambobin da na tarar ba. Jirgi ya ƙara lalacewa, ni kuma ban san wanne ne ya jawo ba, ban san hanyar komawa ba. Mako uku na yi a haka.

Laifin ba ya cikin dikoda sam. Man da aka shafa a masana'anta ne ya gangaro kan ƙafafu ya haɗu da ƙura, sannan ɗaya daga siraran tagullan da ke goga bayan ƙafa suna ɗaukar wuta ya ɗan lanƙwashe, ba ya taɓawa in an shiga kwana. Da na gwada jirgin da fulogin toshiya tun farko, da na ga fizgar kafin dikoda ta shiga, da ban zarge ta ba. Auduga da sifirit sun wanke ƙafafun, ɗan hantsaki ya miƙe tagullan. Kada ku kankare layi da sanfefa, ƙananan zanen da take bari su ke riƙe datti daga baya. Wanda kuma yake gida inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ya rufe layinsa da zane in ya gama, ya goge kafin ya kunna.

Da jirgin ya warke sai ya rage in gyara ɓarnar da na yi wa CV. A dikodoji da yawa, irin na kamfanonin ESU da Digitrax, rubuta 8 a CV8 yana mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Na Lenz 33 ake rubutawa a CV8, na NCE kuma 2 a CV30, don haka ku duba takardar da ta zo da taku, kada ku jefar da ita tare da kwali. Bayan an rubuta a ɗauke wuta na ɗan lokaci a mayar, sannan a tuna lambar ta koma 3. In kuma layin saiti ya ƙi karantawa, kada ku firgita: dikoda na amsawa ne ta ɗan jan wuta ta cikin moto, shi ya sa za ku ga jirgi na ɗan zabura, kuma ƙafa mai datti ko wayar moto da ta saki sun isa su hana amsar.

Yanzu ina da littafi, kowane jirgi da shafinsa. Kafin in canza komai sai na karanta CV1, CV7 da CV8 (masu nuna samfurin dikoda da kamfaninta) da CV29 na rubuta, da duk wanda zan taɓa. Ina canza ɗaya, in gwada, in rubuta abin da na gani, sannan in matsa. Manhajar JMRI, wadda kyauta ce, tana iya karanta dukansu ta ajiye a kwamfuta, kuma ina amfani da ita. A shafin 4472 layin farko yana cewa: CV17 209, CV18 120, CV29 34, a duba tagullan ƙafar hagu duk wata.