Kamun Salmon a Tsakiyar Hunturun Vancouver

Da zarar watan Oktoba ya wuce, yawancin masu ƙananan jiragen ruwa a nan Vancouver ta Kanada sai su ja su tudu, su lulluɓe da tamfol, sai kuma baɗi. Ni kuwa, da nake fita da baƙi kamun kifi a jirgina na haya, lokacin ne nake canza man inji, in wasa ƙugiyoyi, domin kifin da nake alfahari da shi daga Nuwamba zuwa Maris yake samuwa. Salmon ne nau'in Chinook, amma ba manyan nan da ke komawa kogi don zuba ƙwai ba. Waɗannan matasa ne, ba su da aiki sai bin ƙananan kifaye irin su herin suna ci. Ba su cika wuce kilo huɗu zuwa bakwai ba, sai dai duk wanda ya taɓa gasa ɗaya ya ga yadda mai ke tsiyaya daga tsokar ba zai ƙara tambayata dalilin fita cikin wannan sanyi ba. Kana buɗe bakinsa za ka ga dasashin baƙi ƙirin, da shi ake bambanta shi da sauran 'yan uwansa.

Sirrin aikin yana ƙasa. Kifin hunturu ba ya yawo a sama, yana can kusa da gindin teku, mita talatin zuwa sittin, inda abincinsa yake. Akwai ɗan injin da ke gefen jirgi mai saukar da dunƙulen darma mai kusan kilo bakwai, a jikin wayarsa ake maƙala zaren fatsa, a gaba kuma a ɗaura wani faranti mai walƙiya, sannan koto. Jirgi na tafiya a hankali, idona ɗaya na kan na'urar duba ƙasan ruwa, ɗaya na kan bakin sanda. Darmar nan so ake ta riƙa shafar ƙasa ba tare da ta maƙale ba. Ka ɗaga ta da yawa, ka yini kana jan ruwa kawai. Ka sake ta da yawa, dutse ya cinye maka darma da waya gaba ɗaya. Wannan tazarar ba a littafi ake koyonta ba, hannu ne ke sabawa.

A Yawuri na taso, gidanmu gidan masunta ne, tun ina ƙarami nake riƙe wa mahaifina filafili yana jefa birgi. Da na zo Kanada na ɗauka na san ruwa, har na haɗu da wani dattijo Bature da ya ɗauke ni yaron jirgi. Mutumin ba ya magana. In na ɗaura koto sai ya karɓa, ya tsoma shi a gefen jirgi, ya tsaya yana kallon yadda yake juyawa. In bai yi masa ba, ya kwance ya miƙo mini, ko uffan. A wajensa na gane cewa kifi na cin koto ne lokacin da teku ke canza hali tsakanin cikowa da janyewa, kuma shi ya koya mini tsoron iskar Squamish, wadda ke gangarowa daga duwatsu ta bi ta mashigin Howe da sanyin da ke daskarar da igiya. In ta taso, ko nawa ka biya ba zan kai ka bayan tsibirin Bowen ba. Ruwan nan bai cika wuce digiri takwas ba a wannan lokaci, wanda ya faɗa ciki ba ya daɗewa hannuwansa sun daina aiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan ta-ci-barkatai da suka cika Facebook. Mutum ya sayi tsohon jirgi jiya, yau ya sa talla da rabin kuɗina. Ba shi da takardar tuƙin jirgin haya ta hukumar sufuri, wato Transport Canada, ba inshora, rigunan kariya kuwa duk sun ruɓe a ƙarƙashin kujera. Sai baƙo ya kira ni yana cewa, “Alhaji, ai wane ya ce zai yi mini a kaza.” To, Allah ya ba da sa'a, je ka wurin wanen. Wasu baƙin ma har cewa suke in ba a kama ba a mayar musu da kuɗi, sai ka ce ni ke kiwon kifin.

A jirgina doka ba ta da sassauci. Kowa sai ya zo da lasisinsa na kamun kifi a teku da hatimin salmon a kai. Ƙugiya dole a danne ƙayarta da filaya. A ruwan da nake aiki, Chinook da bai kai santimita 62 ba komawa yake yi, kuma ba ma ɗago shi cikin jirgi, a gefe nake zare masa ƙugiya. Wanda aka riƙe nan take a rubuta shi a lasisi. In na ga ɗan fiffiken naman da ke kusa da wutsiyarsa a yanke, na san daga gidan ƙyanƙyasa ya fito, sai in cire kan in kai wurin da ake tarawa, domin wataƙila akwai ɗan guntun waya a hancinsa da ke nuna asalinsa. Masu arha ba su da lokacin wannan. Ba su ma da lokacin yanka kifi jini ya tsiyaye a sa shi a ƙanƙara, sai su jefa shi a bokiti ya yini a ciki, a kai gida nama ya yi laushi, a ce salmon ba daɗi.

Wani lokaci kuma kana cikin jan kifi, wata dabbar teku mai cin kifi da ake kira sil ta ɓullo ta wafce shi, ta bar maka kai kawai. Wannan ba laifin kowa ba ne, dariya muke yi mu sake sauke darma.

Tun 2019 hukumar kula da kamun kifi ke ƙara tsaurara dokar riƙe Chinook daga watan Afrilu don kare kifin kogin Fraser, saboda haka mai son ya tafi gida da nasa kada ya bari Maris ya wuce. Mutum huɗu nake ɗauka, akwai hita a ɗakin jirgin, akwai shayi mai citta da kanumfari. Safar hannu dai kowa ya zo da tasa.